Tayar Keken Baba

Tun da Baba ya dawo daga asibiti da ƙafafun da suka daina jin magana, keken guragu ke kai shi daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa baranda. Keken ba shi da laifi sai tayar hagu. Kullum cikin kuka take kamar an taka wutsiyar kyanwa, ga cijewa. Ka tura shi gaba, shi kuma ya karkace, har ƙofar bayi ta yi tabo a daidai inda ƙarfen ke dukanta.

Auta ce mai turawa. Ita ce ƙarama a 'ya'yan Baba, kuma sunan ya bi ta har gidan miji. Da safe tana koyarwa a makaranta, da rana ta dawo ta kama hidimar tsohon. Mijinta ne da kansa ya je ya lallashi Baba ya dawo gidansu da zama, don haka ba ta taɓa cewa shi ba mutumin kirki ba ne. Injiniya ne a wani kamfani da ke ƙera famfunan ban ruwa, aikinsa zana sassan inji a kwamfuta. Aibinsa guda: ba ya iya ganin abu ya gyara shi yadda yake, sai ya sake masa halitta.

Da ta sani da ba ta yi maganar a gabansa ba. Cewa kawai ta yi gobe za ta kai keken wurin mai gyaran keke na bakin layi ya canza boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. Injiniya ya ajiye kofin shayinsa. Ya kifar da keken, ya juya tayar, ya kara kunne kamar likita. Sai ya ce ai ba boris kaɗai ba ne, cibiyar tayar ce aka yi a karkace tun daga masana'anta, ko an sa sabo cinye shi za ta yi. Ya ce kwanan nan kamfaninsu ya kawo wani inji da ke narka zaren roba mai ƙarfi, yana shimfiɗa shi layi bisa layi har abin da ka zana ya fito a tsaye. Zai yi wa Baba sabuwar cibiya, kafin ƙarshen mako an gama.

Kafin ta buɗe baki ya ɗauko sifana. Washegari ya tafi aiki da tayar a bayan mota, ya bar keken jingine da bango, ɓari guda a kan bulo.

Ƙarshen mako ya zo ya wuce. Da safe su biyu suke ɗaga Baba su ɗora shi a kujerar roba su kai shi falo. In ta dawo da rana kuwa ita kaɗai ce, sai ta tura tsohon bargo ƙarƙashin ƙafafun kujerar ta ja, Baba na zaune a kai yana ba ta umarni. Tsohon direban babbar mota ne, bai taɓa yarda wani ya iya tuƙi ba. “Yi kwana da wuri, Auta, za ki goge min gwiwa.” Bayanta ya fara ciwo, har a aji sai ta dafa tebur kafin ta miƙe.

Cibiyar farko ta zo, ramin ya yi wa boris kaɗan. Ta biyu ta shiga daidai, amma Baba na zama ta yi ƙas ta tsage. Injiniya bai ji kunya ba, murna ma ya yi. Ya ɗauki ɓarin yana nuna wa Auta inda layukan suka rabu, wai yanzu ya gane ta wane gefe ya kamata a kwantar da ita a cikin injin. Ta uku lafiya lau take, Auta ta riƙe ta da hannunta, amma shi ya ƙi ɗaurawa. Wai ya samo wata sabuwar manhaja da kake gaya mata nauyin da abu zai ɗauka, ita kuma ta zaftare duk inda ba a buƙata, abin ya fito shara-shara kamar saƙar zuma, ba nauyi, ga ƙarfi. Don haka ya zo da sikeli aka auna Baba. Bayan kwana biyu ya kwance tayar dama ita ma, tunda ba zai yiwu ɗaya ta fi ɗaya nauyi ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai, Baba bayan surukinsa ya bi. Da yamma su baje a falo, kwamfuta a kan cinyar Injiniya, cibiyar na juyawa a allo, Baba na nunawa da yatsa yana ba da labarin tayoyin da suka taɓa fita daga motarsa a kan hanya. Ita tana kicin tana shafa man zafi a ƙugu. Teburin cin abinci ya cika da cibiyoyin da aka ƙi, har ta fara danne takardun jarrabawar ɗalibanta da su.

Ranar da bargon ya yage ƙarƙashin kujera, Baba ya kusa kifawa, ta jira mijin a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

“Baban yara, ni ba jirgin sama na ce ka ƙera ba. Taya na ce, mai juyawa. Ko ka dawo min da su ranar Asabar, ko in je in ɗauko tsofaffin da kaina daga ofishinku.”

Ya sosa ƙeya ya ce tsofaffin cibiyoyin ai ya yanka su biyu, don ya ga cikinsu.

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ranar Asabar tayoyin suka dawo.

Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi. Ya sa wani irin boris rufaffe da ba ya shan ƙura, ba ya neman giris. Da ɗan yatsa za ka taɓa keken ya tafi, kuma shiru, ko motsi ba ka ji. Baba, wanda da ko taku ɗaya ba ya iya tura kansa, ya kama tayoyin ya zagaye falo, ya yi baya, ya shige tsakanin kujera da tebur bai taɓa ko ɗaya ba. Auta ta ji daɗi, har ta ce wa mijin sannu da aiki. Daɗin bai jima ba. A da kukan tayar ke gaya mata inda Baba yake, yanzu sai dai ta juya a kicin da tukunya a hannu ta gan shi a bayanta yana leƙen abin da ta dafa.

Ranar Talata ta dawo daga makaranta ta tarar da ƙofar gida a buɗe. Ba Baba a falo, ba shi a ɗaki, ba shi a baranda. Ta fita layi da jakarta a kafaɗa. Mai shago ya ce ya ga wucewarsa, har ya ɗaga masa hannu. Mai aski ya ce shi bai samu gaishe shi ba, don a guje ya wuce. Ta tambaya wa ke tura shi. Ya ce babu kowa.

Layinsu gangare ne, yana sauka har babban titi. Ta kira mijin tana sauri tana haki, ta tambaye shi ko birkin keken na kamawa. Ya ce ai tsohon birkin bai dace da sabbin tayoyin ba, ya cire shi, yana kan zana wani mai faifai irin na kekunan tsere. Ta katse kiran.

A tashar manyan motoci ta same shi, can ƙasan gangaren, a inuwar wata tirela. Direbobi sun kewaye shi, ɗaya ya tsugunna yana juya tayar yana jinjina kai. Tafukan Baba sun yi ja, fatar ɗaya ta saluɓe, don da hannu ya yi ta riƙe tayoyin har ya iso. Amma fuskarsa ta koma irin wadda ta sani tun tana yarinya. Yana gaya wa wani matashin direba cewa daga jin ƙarar injinsa ya san bai canza mai a kan lokaci ba. Da ya gan ta bai ko razana ba, sai ya ce wa mutanen ga autarsa, malamar makaranta ce.

Duk faɗan da ta ƙunso ya maƙale, ba a yi wa uba faɗa a gaban mutane. Ta gaishe su, ta juya keken ta kama hawa. Ashe keken da ke sauka ba wuya, a hawa baya yake son komawa. Ko tsayawa ta huta ba dama, da ta sassauta sai ya taho mata. Takalmin aikinta ya ci mata dunduniya. Suna tsakiyar hawan mijin ya kira, Baba ya ciro wayar daga jakarta. Ta ji da kunnenta Injiniya, bayan ya tabbatar Baba lafiya, yana tambaya ko tayoyin sun yi rawa a gangaren. Baba ya ce ko kaɗan.

Da suka isa gida ta so ta hana fitar gaba ɗaya. Baba ya ce tun da ya kwanta bai ji warin man dizal ba sai yau, kuma gobe ma zai je. Ya faɗa a hankali yana duban hannunsa da take ɗaurewa, ta san ba za ta iya hana shi ba. Sai ta juya kan mijin. Keken ba zai ƙara barin gidan a bayan mota ba, ko noti ɗaya. In birki zai yi, ya zo ya yi shi a baranda tana gani, kuma kafin Baba ya hau, ita za ta fara hawa.

Haka aka yi. Da aka ɗaura birkin, ta zauna a keken a saman layi, ta tattare zaninta, mijin na gefe da sifana. Ta sake shi ya ɗan gangara, ta matse hannun birkin. Keken ya tsaya cak, ita kuma ta ci gaba. Da ƙyar ta riƙe kanta, ɗankwalinta ya faɗi a ƙasa. Masu zama a ƙofar mai aski duk suka sami abin kallo a wani gefe. Ta ɗauki ɗankwalin ta kakkaɓe.

“Da Baba ne, da yanzu muna hanyar asibiti. Sassauta shi.”

Ya tsugunna ya sassauta, ta sake gwadawa, ya ƙara sassautawa, har keken ya riƙa tsayawa a hankali. Sannan suka fito da Baba. Ya sa safar hannun da ta saya masa, ya gwada birkin, ya ce ba laifi. Ya kama gangaren yana taɓa birki kaɗan-kaɗan kamar mai saukowa daga dutse da kaya. Bai waiwayo ba.

Ta tsaya har ya wuce shagon mai aski. Mijin ya matso ya fara cewa ai matsalar hawa ma akwai wani ɗan inji mai batir da ake sakawa cikin cibiya. Ta ɗaga masa hannu, ta juya cikin gida.

Tana shiga falo ta ga maganin rana na Baba a kan tebur, kusa da kofin ruwan da bai taɓa ba. Ta tsaya tana dubansa. Sannan ta canza takalmi, ta zuba ƙwayoyin a tafin hannu, ta ɗauki gorar ruwa ta bi gangaren.