Takalma Masu Faɗi

Esad ya jefa karyayyen takalmin babur ɗinsa a kan teburin shagon, har kofin gahawar Hamdo ya yi tsalle.

"Ba ni irinsa. Yanzu."

Hamdo bai yi gaggawa ba, dama tun yana yaro ba a san shi da ita ba. Ya ɗauki abin, siririn allon roba irin wanda ake ɗaura wa babur ɗin ƙanƙara a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, ya juya shi ya duba inda ya rabe. Ya tambaya ko dutse ne ko turken shinge, sannan ya ƙara da cewa duk babur ɗin da ya faɗa hannun taubashinsa ya shiga uku. Shi ɗan kawun Esad ne, tare suka tashi, kuma a unguwarsu ta Sjenica wajensa kowa ke zuwa neman kayan waɗannan babura. Da wata rana ce da Esad ya rama har da ƙari. Yau ko murmushi bai yi ba.

Esad ya ce masa Vukoman, maƙwabcin mahaifiyarsa, ne ya bugo waya da safe, babu hayaƙi a gidan Inna. Sai Hamdo ya ajiye takalmin.

A ƙauyukanmu na kan tudun Peshter, in sanyi ya kama hanya ta toshe, tsofaffin da suka ƙi saukowa gari hayaƙin juna suke gadi. Kowa ya tashi zai hura murhu, sannan ya leƙa taga ya duba bututun maƙwabcinsa na tsallaken kwari. In hayaƙi ya tashi, an kwana lafiya. In bai tashi ba, sai a nemi 'ya'ya. Munevera, mahaifiyar Esad, ita kaɗai ta rage a nasu ɓangaren, ita da saniyarta. Vukoman kuwa tsoho ne mai dogara sanda, ba shi da ƙafar da zai tsallaka. Jiya guguwa ta hana shi ganin kome, ta kuma tsinke wayar gidanta. Yau gari ya waye tas, ya duba ya sake dubawa, bututun shiru.

Esad yana ajiye waya ya tayar da babur. Bai ko bar gari sosai ba ya daki wani turke da dusar ƙanƙara ta binne, ya lallaɓo da abin zuwa shago a kan takalmi ɗaya da rabi.

Hamdo ya shiga ciki ya fito da takalma iri biyu ya shimfiɗa a ƙasa. Siririn irin na Esad ne sak, da wuƙar ƙarfe a ƙarƙashi mai cizon daskararriyar hanya. Noti ɗaya za a kwance a ɗaura, kafin gahawa ta huce an gama. Masu faɗin kuwa na zurfi ne, bisa ƙanƙara suke tafiya ba sa nutsewa, sai dai ba don wannan babur aka yi su ba. Dole a cire duka biyun, a huda sababbin ramuka a mariƙi, a daidaita. Aikin zai kai bayan azahar.

Esad ya ce a sa masa siririn. Ya ce hanyar nan ya san ta kamar yunwar cikinsa.

"Hanyar ka sani, ba abin da ya zubo a kanta jiya ba," in ji Hamdo. "Daga masallacin ƙauyen ƙasa zuwa sama ko tarakta ba ta bi ba. Ka isa kwarin marmaro da wannan tsinken, hancin babur zai shige kamar cokali a kunu. Wa zai tono ka? Mu kwana muna neman mutum biyu?"

"Ka rantse ba zai wuce ba?"

Hamdo ya shafa gemu. Mutum ne mai surutu, amma ba ya rantsuwa a kan abin da bai gani ba. Ya ce in iskar daren jiya ta daskarar da saman, siririn zai wuce kamar a kan kwalta, Esad ya isa tun da hantsi. In ba ta daskarar ba, ba zai isa ba ko gobe. Shi dai daga nan shago ba ya hango tudu.

"To, kai da uwarka ce, wanne za ka sa?"

"Gwaggota ce, Esad. Ita ta goye ni da tawa ta rasu. Masu faɗin zan sa."

Esad ya tsaya yana kallon takalman nan biyu a ƙasa, zuciyarsa tana tafasa. Ya tsani jira fiye da kome a duniya, kuma ya tsani a ce Hamdo ne mai gaskiya. Amma ya taɓa nutsewa a kwarin marmaro, ya san yadda mutum ke yashe ƙanƙara da hannu har gumi ya daskare masa a baya, babur kuwa sai ƙara shigewa yake. Ya sa ƙafa ya ture siririn gefe.

Jiran ya fi abin da ya zata wuya. Ya riƙe wa Hamdo ƙarfe yana hudawa, ya saki, ya fita ƙofa ya kalli tudu, ya dawo. Ya buga wa asibiti, suka ce motarsu iyakarta ƙauyen ƙasa, in ya sauko da tsohuwar za su tarye shi a can. Ya buga wa matarsa Zumreta, ta ce ta dafa miya ta zuba a kwalba, ya biyo ya karɓa. Ya yi mata tsawa cewa ba miya ce ta dame shi yanzu ba, ya kashe wayar, nan da nan kuma ya ji kunya.

Tun kaka yake fama da tsohuwar ta sauko. Ya gyara mata ɗaki a gidansa na bene, da abin ɗumama ɗaki wanda ba ya son itace. Ta zo ta zagaya ta yaba, sannan ta tambaye shi ta wace matakala saniyarta za ta hau. Da ya matsa, ta ce uban nasa yana kwance a kabarinsa nan bayan gidan, ba ta saba barinsa shi kaɗai da sanyi ba. Ranar ya tafi a fusace, bai ko ɗauki cukun da ta ƙulle masa ba.

Ana cikin huda rami na ƙarshe bakin injin hudawar ya karye. Hamdo ya zagi injin, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya shiga birkita akwatuna yana neman wani.  Sai da aka kira azahar aka idar kafin noti na ƙarshe ya zauna.

"Ka bi kwana a hankali," in ji Hamdo. "Waɗannan ba sa cizo a kan tauri. Ka gaida min Gwaggo, ka ce mata ɗanta na kirki ne ya aiko na banzan."

Gaskiyarsa ce, a daskararriyar hanyar ƙasa babur ɗin ya zama kamar ba nasa ba. Ya karkata kai dama, abin ya ci gaba da sulalewa gaba. A kwanar gada sai da ya kwanta da duk nauyinsa gefe guda kafin ya kauce wa ramin. Ya wuce masallacin ƙauyen ƙasa, ya wuce gida na ƙarshe, ya kama bin sandunan da ake kafawa don nuna hanya.

Nan gabansa ya faɗi. Saman ƙanƙarar ya daskare, yana ƙyalli da rana, takalman suna ƙara a kai kamar ana jan tire a siminti. Da siririn ne, da ya wuce nan a guje. Ya murɗa mai har injin ya yi kuka. Haka ya yi ta tafiya a kan tauri, yana tsine wa kansa, yana tsine wa Hamdo.

Sai a kwarin marmaro abin ya sake. Iska ta tara duk abin da ta sharo a nan, laushi kamar gari, sandunan hanya sai kawunansu ake gani. Babur ɗin ya dulmiya, ya yi kamar zai tsaya, sannan hancinsa ya ɗago ya haye. Ko da siririn ne zai haye in an zo da gudu, ko kuwa nan zai kwana, Esad bai sani ba. Ya waiwaya sau ɗaya, sawun nasa bai gaya masa kome ba.

Rana ta karkata sa'ad da ya isa. Ya tura ƙofar gida yana kiran Inna. Murhu a sanyaye, an jera itace a gefensa, gado a gyare, bokitin tatsa ba ya wurinsa. Ya fita da gudu ya nufi ɗakin saniya, yana nutsewa har gwiwa.

Tana kwance a kan ciyawa, ƙafarta ɗaya a murɗe ta inda ƙafa ba ta murɗewa. Bokitin yana gefe, madarar ciki ta zama dutse. Ta ja jiki har ta jingina bayanta da cikin saniyar, saniyar kuwa tana kwance tana tuƙa, ba ta ko motsa ba. Esad ya durƙusa ya kama hannunta, sanyi ƙalau. Ya kira ta, ya girgiza ta, ya kara kunne a bakinta. Ya yi salati ya rufe mata ido.

Da ya sa hannu zai ɗago ta, sai ya ji ɗumi a bayanta, daga wuya har ƙugu. Ya daɗe a durƙushe hannunsa yana wurin. Ɗumin saniya ne, ko nata ne da bai gama fita ba? Tun jiya ta cika, ko kuwa ɗazu, yana tsaye a shago yana riƙe da ƙarfe? Ya taɓa cikin saniyar, ya sake taɓa bayan uwarsa, ɗumin iri ɗaya ne. Ya yi kuka sosai, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Daga baya ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓe ta, ya hau ɗan tudun da ke bayan gidan inda waya ke samun sabis. Kira bai gama shiga ba Hamdo ya ɗauka, da alama wayar tana hannunsa tun ɗazu.

"Ka isa? Yaya Gwaggo?"

Esad ya gaya masa.  Can sai muryar Hamdo ta fito ƙasa-ƙasa, babu ko ɗigon wasa a ciki.

"Esad, don Allah kar ka ɓoye min. Da na sa maka siririn, da ka same ta?"

Esad ya kalli tafin hannunsa na dama, wanda ya ji ɗumin bayanta da shi.

"Ina," ya ce. "Tun jiya ta cika. Jikinta duk ya sandare, ko da asuba na zo ba zan same ta ba. Kuma ba don takalmanka ba da yanzu ina cikin kwarin marmaro."

Ya ji Hamdo ya sauke numfashi kafin ya fashe da kuka. Esad ya bar shi ya yi kukansa, ya ce masa ya sanar da liman da Zumreta, sannan ya kashe wayar. Ya cusa hannun a aljihu ya gangara wajen uwarsa.