Masu Tukunya

Ni na fasa tukunyar daddawar Inna. Gara in faɗa tun daga farko, don shekara biyu na yi ina ɗora wa akuya laifin, akuyar da ko ƙofar madafin ba ta leƙa ba.

Sunana Rabilu, ina da shagon kayan masarufi a bakin kwalta a Dogon Dutsi. Bayan rasuwar Baba na je Dogon Kiriya na ɗauko mahaifiyata, Inna Kaltume, ta dawo wurina da zama. Kayanta ba su taka kara sun karya ba, amma a tasha sai da muka yi rigima a kan wata tsohuwar tukunyar ƙasa, baƙa ƙirin, bakinta a ɓare. Direba ya ce a ɗora ta sama, Inna ta ce sai dai ita a ɗora ta saman. Haka ta rungume ta a cinya har muka iso, fasinjoji suna toshe hanci.

Daddawar batso take yi a ciki. Za ta wuni tana dafa gurguzu, wato ƴaƴan yakuwa, da ruwan toka, sannan ta juye a tukunyar ta rufe kwana uku. Tukunyar nan ba a wanke ta. Tun hannun kakarta ruwa bai taɓa cikinta ba, sai dai a kwashe a sake zubawa. Kuma gaskiya ɗaya ce, daddawar ta yi suna. Mata har daga Tibiri suke aiko ƴan kabu-kabu su saya musu, suna cewa tata ba ta furfura, wato fumfuna, ko da damina ta kai damina.

Ni ba warin ya dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kafin ta juye gurguzun sai ta ƙwanƙwasa gefen tukunyar da yatsa ta ce, “Masu tukunya, ga baƙi na kawo muku.”

To, nan Arewa ce. Da gogen bori a kunnena na tashi, na san gidajen da ake ajiye tulu a bayan ɗaki don aljana doguwa. Da Allah ya sa na yi karatu na bar duk wannan, kuma ina alfahari da barinsa har gobe. Sai ga shi a cikin gidana uwata tana gaida tukunya. Sau biyu na zaunar da ita na yi mata wa'azi, mai tsawo kuwa, ina jawo ayoyi. Ta saurara har na gama, ta ce ita dai haka ta tarar uwarta tana yi. Ban taɓa tambayarta su wane ne masu tukunyar ba. Ni a ganina na riga na sani, kuma mutumin da ya riga ya sani wahalar sha'ani gare shi.

A bakans ɗin waccan shekarar, wato babban hutun makaranta, ƙanwata Hidaya, autar Inna, ta zo daga Yamai inda take karatun ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ta sa safar hannu, ta goga auduga a cikin tukunyar, ta gutsiri daddawa ta jefa a ƴan kwalabe. Na ce mata duk shekarun da ta kwashe tana karatu a lakwal ashe lasar tukunya aka koya mata. Ta yi dariya ta ce gidaje arba'in za ta bi a Arewa tana wannan lasar. Da hutu ya ƙare ta sami gurbin ƙaro karatu a waje, ta tafi da kwalabenta.

Abin da ya tunzura ni bai kai ya kawo ba. Wani abokina da muke ɗaukar karatu tare ya shigo gaida Inna, ya tarar tana ƙwanƙwasa tukunyar tana magana. Kallona kawai ya yi, ni kuma kallon ya hana ni sukuni sati guda. Da aka yi rasuwa a Tibiri, Inna da matata Hamsatu suka tafi gaisuwa na kwana biyu, sai na rufe shago bayan azahar na dawo gida na ɗauki taɓarya. Bugu biyu tukunyar ta tarwatse. Ban tsaya nan ba. Na hura gawayi na zuba tsingaron a ciki har suka yi ja, don haka na ji ana yi da kayan tsafi, sannan na kwashe na zuba a masai. Na share wurin tas. Wallahi a ranar ji nake na yi aikin lada.

Da suka dawo sai ladan ya gudu ya bar ni da bakina. Inna ta fito daga madafi tana tambaya, na ji kaina ina cewa akuya ce ta shiga ta ture ta, na kwashe fasassun na zubar a juji. Ta daɗe a tsaye tana kallon gurbin da gindin tukunyar ya bari a ƙasa. Ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ta shiga ɗaki.

Na sayo mata sabuwar tukunyar ƙasa, babba, mai kyau. Ta dafa gurguzu ta juye. Kwana uku aka buɗe, sai yauƙi da wani wari irin na mushe. Ta sake, ya yi furfura. Karo na uku ya yi kama da daddawa, amma da ta ɗanɗana sai ta ba kaji. Daga nan ta daina. Ƴan kabu-kabun Tibiri suka yi ta zuwa suna komawa hannu rabbana har suka gaji. Matar da asuba ba ta taɓa riskarta a kwance ba ta koma zaman tabarma, tana jan carbi tana kallon Hamsatu tana marmasa magi a miya. Na ga tana ramewa. Na ce tsufa ne, na sayo mata maganin ƙarin jini.

Bana Hidaya ta dawo. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta rungume Inna tana cewa tukunyarta ta ba manyan malamai mamaki. Ta buɗe ordinater, wato kwamfuta, a tsakar gida ta nuna mana layi-layi na haruffa, huɗu ne kawai suke ta maimaituwa ba iyaka. Ta ce kowane mai rai, mutum ko gero ko ƙwayar da ido ba ya gani, yana ɗauke da rubutun halittarsa a jikinsa, shi ne ADN, kuma yanzu akwai na'urar da take karanta shi. Sun karanta na duk abin da ke zaune a tukwane arba'in ɗin nan. A ta Inna kaɗai suka sami wata ƙwaya da ba a taɓa rubuta irinta ba, kuma rubutunta ya nuna tana yin wani sinadari mai hana furfura tsirowa, irin furfurar da ke sa wa gyaɗa da hatsi guba a rumbu. Ita ke dafa daddawar, ita ke tsaronta. Shekara da shekaru ƙwayoyin suna zaune a ramukan jikin yumɓun, ana ciyar da su suna hayayyafa.

Inna ta matso tana leƙen allon. Ta ce, “Ashe da gaske suna ciki.”

Hidaya ta ci gaba da cewa kafin a karanta rubutun sai an narkar da ƙwayoyin, don haka ɗan abin da ta ɗiba ya ƙare, rubutun kawai ke hannunsu. Ba ta damu ta raya su a labo, ɗakin bincikensu, ba, tunda ta san tukunya tana gida. Yanzu masu ran ta zo ɗauka, a gwada ko za su yi wa manoma amfani. Ta miƙe za ta nufi madafi, Hamsatu ta gaya mata zancen akuya.

Na zaci za ta yi kuka. Sai ma ta ce ba komai, irin waɗannan ƙwayoyin in sun rasa abinci dunƙulewa suke su yi barci, rana da ruwan sama ba sa kashe su da wuri. Ta juyo ta dube ni.

“Yaya, a wane juji ka zubar? Tsingaro ɗaya ya ishe ni. In na tashe su, har Inna sai ta koma sana'arta.”

Nan ne ya kamata in yi magana. Na buɗe baki, na ga yadda fuskar Inna ta washe, rabon da in gan ta haka tun tana Dogon Kiriya, sai na nuna jujin bayan gidanmu. Kai, ni dai ban san irin zuciyar da ke gare ni ba.

Washegari da hantsi suka fita, Hidaya da safar hannunta, Inna da ƴar kwasa. Na ce Inna ta zauna, ta ce Hidaya ba za ta gane tukunyar ba, ita kuwa ko a cikin dubu za ta gane ta. Na tafi shago na kasa zama. Na auna wa wata mata shinkafa a maimakon sukari, ta zage ni, na ji daɗin zagin. Da na dawo da yamma sun tara tsingaro cike da kwano, Inna ta duba su ɗaya bayan ɗaya ta ce babu nata. Amma ta ci tuwo sosai a ranar, har da ƙari. Ta ce gobe za su tona ta gefen gabas, inda ruwa ke tara shara.

Rana ta biyu ban je shagon ba. Na laɓe a jikin katanga ina kallonsu. Inna ta tona rami ya kai mata gwiwa, ta shiga ciki tana yaye leda da tsumma da toka da hannunta, zaninta duk ya ɓaci. Duk abin da ta tsinta sai ta kai hanci ta shinshina. Rana ta take, numfashinta har inda nake ina jin sa. Na ga ta ɗago wani fasasshen kasko da murna, ta shinshina, ta ajiye a hankali. Daga nan na kasa daurewa.

Na je na durƙusa a bakin ramin na faɗi komai, da taɓaryar, da gawayin, da masan. Hidaya ta tambaye ni ko sun yi ja a wutar, na ce sun yi. Ta cire safar hannunta ta juya mana baya.

Na so Inna ta zage ni, ko ta ɗaga kwasar nan ta sauke mini. Ta dai tsaya a cikin ramin tana dubana kamar tana son ta tuna inda ta san ni.

“Ka tabbata ba akuya ba ce?”

Na ce ni ne, Inna.

“To ni shekara biyu ina cewa ni na bar ƙofar madafi a buɗe da zan tafi Tibiri. Kullum sai na sake lissafi, na rufe ko ban rufe ba. Har na fara tsoron hankalina ne ke tafiya.” Ta share goshi da bakin zani. “Abin da uwata ta riƙe, kakata ta riƙe, na ce a hannuna ya mutu saboda sakaci. Ko a salla ban daina jin kunyarsu ba.”

Na ce ta yafe mini, na ɗauka iskoki take kira. Ta ce ita ma ba ta san ko su wane ne ba, ta dai san akwai masu yi mata aiki a ciki, kuma ba a tashe ta ta ci aikin wani ba gaisuwa ba. Ta ce ta yafe, don ba ta son in tashi da shi gobe kiyama. Da murya ƙasa-ƙasa ta faɗa, ba ta dube ni ba.

Na miƙa hannu in fito da ita, ta dafa gefen ramin ta fito da kanta. Ta ɗauki kwano ta juye tsingaron mutane a ramin, ta fara mayar da ƙasa. Na kama ƙotar kwasar na ce ta kawo in ƙarasa.

“Bari,” ta ce. “Ni na tona.”

Na saki. Na tsaya a rana ina kallo har ta rufe shi.