Biyu Gajeru, Ɗaya Dogo

Wata takwas ke nan Baba Direba bai ce uffan ba. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana jan babbar mota, wanda in ya fara zolaya sai ka riƙe ciki don dariya, shi ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar a rana ɗaya. Ciwon ya tafi da bakinsa, ya tafi da hannun dama, ya bar masa na hagu. Likita ya ce hankalinsa garau yake, a dai samu ya riƙa nuna abin da yake so ko da yatsa ne, in ba haka ba zai yi ta yin nisa har a rasa shi yana zaune. Aka kawo masa kati mai hotunan kofi da gado da makewayi. Baba ya dube shi sau ɗaya ya ture da bayan hannu. Shi za a mayar jariri? Tun ranar ya juya fuska ga taga, bai ƙara kallon kowa ba.

'Yarsa, wadda kowa ke kira Malama, ita ke jinyarsa. Wanki da ɗagawa da kwantarwa duk ba su dame ta ba, shirun ne ke cin ranta. Wannan fa uban da tana ƙarama, in ya dawo daga tafiya, tun daga kwanar layinsu yake sanar da gida. Kowane direba da irin hon ɗinsa, na Baba biyu ne gajeru, ɗaya dogo. Da ta ji sai ta watsar da abin da ke hannunta ta kwasa a guje ba ko takalmi.

Kowace Asabar Malama tana koya wa yaran unguwa yadda ake ba kwamfuta umarni. Da a makaranta ake yi, amma tunda ba ta iya barin Baba shi kaɗai, sai ta dawo da ajin falonta. Yara uku suka biyo ta. Akwai Barkono, 'yar shekara tara, baki kamar reza. Akwai ƙanenta Gajere, wanda ba shi da aiki sai dariya. Sai Kunkuru, yaron da kan ɗauki minti biyar yana neman harafi ɗaya, harshe a waje. Kwamfutar ɗaya ce, tsohuwa, in ta yi awa guda sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga.

Aikin watan nan shi ne akwatin sautuka. Yara su naɗo sauti a waya, su ja tubalan umarni masu launi a fuskar kwamfuta su jera, yadda kowane maɓalli zai ba da nasa sautin in an danna. Doka ɗaya Malama ta kafa.

"Sautin da zai ba wani kunya ba ya shiga. In na mutum ne, sai ya yarda."

Ai kuwa Barkono ta zo da munsharin yayanta. Malama ta ce ta koma ta nemi izini. Ta je ta nema, ya biyo ta da takalmi har bakin ƙofa, shi ke nan maganar munshari ta mutu. Abin da ya tsira shi ne kukan akuya, da ƙarar ƙofar falon, da balan-balan ɗin da Gajere ya saki yana fitar da iska, wanda ba sai an faɗi abin da ya yi kama da shi ba. Kunkuru kuwa sai da ya yi rabin awa a bakin babban titi da wayar mahaifiyarsa kafin ya samu wata babbar mota ta danna masa hon.

Ranar gwaji komai ya tafi daidai. Akuya ta yi kuka, ƙofa ta yi ƙara, balan-balan ya yi abin da ya saba, Gajere ya faɗi ƙasa yana shure-shure. Sai aka zo kan hon. Kunkuru ya danna, ya ɗaga yatsa, sautin ya yanke ɗif. Ya sake dannawa, sautin ya sake yankewa.

Malama ta leƙa. Sauran sun sa tubalin da ke cewa a kunna sauti har ƙarshe. Shi kuwa bawan Allah ya ƙara wani da ba a ce ya sa ba, mai cewa da zarar an saki maɓalli a tsayar da sauti.

"Haba Kunkuru, wa ya aike ka? Cire wannan, ka ɓata aikin."

Ta faɗa da zafi fiye da yadda ta so, don ta gaji. Idon yaron ya ciko. Ya kai hannu zai gyara, sai Barkono ta taɓa Malama.

"Malama, dubi Kaka."

Ta waiga. Baba ya bar kallon taga. Idonsa na kan kwamfutar, yatsansa na hagu yana ƙwanƙwasa hannun kujera.

Kafin Malama ta buɗe baki, 'yar rigimar nan Barkono ta sunkuci kwamfutar ta nufi kujerarsa. Malama ta yunƙura za ta tare ta. Ta san abin da ya sami katin asibiti, yanzu zai ture kwamfutar ta tarwatse a gaban yara, ya ƙara rufe kansa.

"Ke, dawo da ita nan!"

Ina, Barkono ta riga ta ɗora masa a cinya. Baba bai ture ba. Ya dafa gefenta da tafin hannu don kada ta zame.

Kunkuru ya matso yana jan hanci. "Kaka, wannan akuya ce. Wannan ƙofa. Wannan kuma hon ne, amma ya lalace, ni na ɓata shi."

Yatsan Baba ya yi ta yawo a kan maɓallan kafin ya sauka inda yaron ya nuna. Pim. Ya ɗaga. Ya kasa kunne yana saurare. Ya sake dannawa, wannan karon ya riƙe, hon ya ja dogo, ya saki, ya tsaya. Kai ka ce sabuwar mota aka ba shi yana gwada birki. Har Gajere ya daina dariya.

Sai Baba ya ɗago kai ya dubi 'yarsa ido cikin ido, abin da rabonsa da yi wata takwas, ya danna.

Pim, pim, piiiiim.

Malama ta gane shi nan take. Babu yaron da ya san wannan, ita kanta ta fi shekara ashirin ba ta ji ba. Ta tsaya baki buɗe tana kallon yatsa ɗaya tilo a kan maɓalli ɗaya. Ikon Allah! Da Kunkuru ya bi abin da ta koya masa, da kowace dannawa hon ɗin zai yi ta yi har ƙarshe, ba gajere ba dogo, da Baba bai samu bakin magana ba. Ga shi saura ƙiris ta sa a goge da hannunta.

"Malama, in gyara yanzu?" in ji Kunkuru.

"Kada ka taɓa," ta ce. "Ko da wasa kada ka taɓa. Ka fi ni iyawa, yaron nan."

Ta tako ta durƙusa a gaban kujerar, mace mai shekara arba'in, hawaye shaɓe-shaɓe, ba ta ko ji kunyar ɗalibanta ba.

"Sannu da zuwa, Baba. Ya hanya? Wallahi ka daɗe."

Ya lumshe ido ya buɗe. Ita kuwa sai ta ji bakinta ya faɗi abin da ta saba faɗa a bakin ƙofar mota.

"To, me ka kawo mini?"

Baba ya dubi maɓallan. Ya ɗauki lokaci, ya tsallake ƙofa, ya ɗan tsaya a kan balan-balan kamar mai shawara, har Gajere ya fara toshe baki. Sannan ya danna.

Meeeee!

Yara suka zube don dariya. Barkono tana ihu, wai Kaka ya yi tsarabar akuya. Gefen bakin Baba mai lafiya ya ɗaga sama, kafaɗarsa tana girgiza. Malama ta kifa kai a gwiwarsa tana dariya tana kuka, shi kuwa ya lalubo maɓallin hon ya sake dannawa, biyu gajeru, ɗaya dogo, ko da akwai wanda bai ji ba a gidan.