Taswirar Toivo

Kwana biyu Benvinda da ƙanenta Tito suna haƙa a bakin fadama, ba su tono komai ba sai saiwoyi. Fari ya shanye tafkin gonarta, ga kiranberi, ƙananan 'ya'yan itacen da take nomawa, sun nuna jajir. Girbinsu kuwa ba ya yiwuwa sai an cika fage da ruwa, 'ya'yan sun taso sama an kwashe. Mako guda ya rage su fara ruɓewa.

Da taɓo har gwiwa ta faɗa ɗakin maƙwabcinta Toivo, ta shimfiɗa taswirar da ya ara mata a kan bargonsa. Tsohon ya zama ƙashi da fata, likita ma ya ce wa 'yarsa Aili a bar shi ya ƙarasa a gida. Kakansa ne ya zana takardar, tana nuna tsohuwar magudanar da ke jawo ruwa daga fadama, wadda ƙasa ta binne tuntuni. Benvinda ba ta iya kara ba, ta ce masa kakan nan nasa ƙarya ya zana.

Toivo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wa ya ce miki arewa ce a sama? Kakana ina ruwansa da arewa? A bakin ƙofar nan ya tsaya ya zana abin da ke gabansa. Shekara talatin kina noma, yarinya, kina karanta takarda kamar ma'aikacin gwamnati."

"Kai kuma tsoho, bakin naka ajiyarsa kake yi? Kana kallonmu ta taga muna shan wuya."

"Ai kallon ne ya riƙe ni."

Ta tsaya a bakin ƙofar ta juya takardar. Kunya ta kama ta, don wurin da taswirar ta nuna ko taku ɗari bai kai ba daga inda take tsaye.

Washegari da hantsi shebur ɗin Tito ya daki katako. Suka ɗaga tsohon ƙyauren da ya toshe bakin magudanar, ruwa baƙi ƙirin ya kwararo da ƙugi. Tana murna ta hango Aili tafe a kan gaɓa, ta rungume hannuwa. Benvinda ta gane tsohon ya rasu, ta tambaye ta:

"Ya ji ƙarar ruwan?"

"Ya ji. Ya ce ki rufe ƙyauren da wuri, kada ruwanki ya cinye masa gona."

Benvinda ta share ido da bayan hannu, ta koma bakin ƙyauren ta tsuguna tana jira fagen ya cika. Jajayen 'ya'yan suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya.