Motar da Ta Saba da Ƙafarsa

Wata takwas ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma tun daga ranar kujerar mai zaman banza ta zama wurinsa a cikin jif ɗinsa. Matarsa ce ke jan motar yanzu, ita da a da ko makullin ba ya bari ta taɓa.

Ƙatuwar mota ce, irin mai canza giya da kanta. Tun da ta koma hannun matar ta tsiri wani hali: in za ta shiga giya ta uku sai ta tsaya jan ƙafa, inji ya yi ta gurnani, can kuma ta fizga kamar an bangaje ta daga baya. Shi kuwa, Allah ya yafe masa, daɗi yake ji a ransa. Kewar tuƙi na cinsa, kuma gani yake motar ma kewarsa take.

"Ba ki iya taka totur ba ne," ya kan ce. "Mota ba ta son matsoraci."

Ranar da ta fizga a mahaɗar titi, saura ƙiris su daki bayan tirela, sai gareji.

Makanike ya jona kwamfuta a ƙasan sitiyari, ya daɗe yana dubawa.

"Ranka ya daɗe, giyar lafiyarta lau. Irin wannan motar koyon ƙafar mai tuƙa ta take yi. Shekara da shekaru ta saba da mai taka ta da ƙarfi, yanzu ta samu ƙafa mai sanyi, shi ne take rikicewa. Sai a goge abin da ta haddace, ta koyi sabo. Aikin minti biyar ne."

"In an goge, yana dawowa?" in ji maigidan.

"Ba ya dawowa."

Matar ta yi caraf ta ce, "A bar ta haka. Baban yara ya kusa komawa tuƙi, likita ma ya faɗa."

Likita bai faɗa ba, kuma su biyun sun sani.

Ya dubi hannuwanta a kan sitiyari, ya tuna tirelar ɗazu. Ya gwada motsa babban yatsan ƙafarsa a cikin takalmi. Yatsan bai amsa ba.

"Goge," ya ce wa makaniken. Sannan, ba tare da ya dube ta ba, ya ce, "Ki riƙa taka ta a hankali, yadda kika saba. Za ta koya."