Kaskon Safara'u

Safara'u na goge sabon kaskonta da toka, warin ya sake bugo mata hanci. Ba na tsatsa ba ne. Ta ajiye, ta leƙa bayan maƙerar mijinta.

Tun da aka daina narka tama a Kiru, Dikko maƙeri ya koma sayen tarkacen ƙarfe daga Kano, ya mayar da su lauje da wuƙa. Yau ga wasu bokitai baƙaƙe jibge, kwalta duk ta kama su, ƙudaje sun yi musu rumfa. Ta taɓa ganin irinsu a Sabon Gari, a kan masu kwasar bayan gida. Ta tofar da yawu.

"Maigida, da wannan ka yi mini kaskon ƙosai?"

"Ƙarfe ƙarfe ne," in ji Dikko, bai ko ɗago ba. "Abin da ya shiga wuta ya yi ja, ina sauran ƙazanta? Ke dai tsirfa gare ki."

Ga shi gobe kasuwa, tsohon kaskonta ya huje, Balaraba mai waina kuwa ta daɗe tana harin gindin tsamiyar da take suya. Fashi ɗaya, wurin ya tafi.

Washegari ta kafa murhu, man gyaɗa ya yi zafi. Ƙosan ya tashi jajir, kyansa ma ya ƙara ba ta haushi. Mutane suka fara taruwa, yara na miƙo kwano. Ita kuwa ko ɗanɗana gishiri ta kasa.

Sai ga Dikko da laujunansa a kafaɗa. Ta tsame na farko a ganye, ta durƙusa ta miƙa masa.

"Maigida, kai za ka buɗe mana."

Ya dubi ƙosan, ya dubi kaskon.

"Ai yau azumi nake."

Leɓensa kuwa jajir da goron safe.

Safara'u ta sauke kaskon, ta juye man da ƙosan a kwata, ta sallami masu jira. Kafin ta gama ɗaure kaya, Balaraba ta fara jawo murhunta.

Ta dire kaskon a gaban mijinta.

"Ka yi fartanya da shi. Gona ce ke son taki."