Ƙafafun Maharazu

Shekara arba'in Maharazu ya yi yana koro shanu a ƙasa daga Mashi zuwa Daura, har ana cewa ko jaki bai kai shi juriyar tafiya ba. Da tsufa ya tashi kama shi, ta ƙafa ya fara. Yatsun suka lanƙwashe suka hau juna, babban na dama ya karkace, tafin ya baje har ba takalmin da ke shigarsa. In ya taka ƙasa ma ba ya jin ta sosai.

'Yarsa Murjanatu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ke jinyarsa. Kullum da hantsi takan jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi, ta yanke farcen da ya yi kauri, ta shafa man kaɗanya. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ya riƙa motsa yatsun, yana ɗaga dunduniya dafe da bango. Kwana uku ya yi ya bari, wai shi ba jariri ba ne da za a koya masa tafiya.

Wata Talata aka aiko cewa Sada, abokin kiwonsa tun suna samari, ya rasu. Maharazu ya ce sai ya raka shi makabarta. Murjanatu ta roƙe shi ya bari a kira mai babur, ya ƙi. Ya ce da ƙafa suka yi yawon duniya tare, da ƙafa zai raka shi.

Ya ɗauki sanda ya wuce zaure. Bai yi nisa ba ƙafar dama ta turguɗe a bakin kwata, ya faɗi ta ƙugu. Yana kwance a wurin aka wuce da makara ta ƙarshen lungu. Mutum biyu suka bar sahu suka ɗauko shi.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma jikinsa ba zai ɗauki aiki ba. Aka dawo da shi gida.

"Murja, a ina aka sa Sada?"

"Gefen kabarin Innata, Baba."

Ya juya fuska bango.

Bai ƙara taka ƙasa ba. Kwanciya ta ci bayansa ya yi gyambo, Murjanatu na juya shi ita kaɗai har nata bayan ya fara ciwo. Ya rasu ranar da aka yi ruwan shuka, gari duk an tafi gona.